Makullin rumbu yana hannun wa?

 

Ranar taronmu muna zancen canjin yanayi, aka ce wai ya fi cutar da mata. Sai wata iyarmu ta ce, "Yo ruwan sama ya san mace da namiji ne?" Muka yi dariya. Gaskiyarta, ruwa bai sani ba. Amma in damana ta ƙi, mu duba wa ke fara ɗanɗanawa.

In hatsi bai yi ba, maigida ya tafi bida, Najeriya ko Libiya ko Abijan. A gidaje da yawa sai ya kulle rumbu, ya ce a jira shi sai lokacin shuka. Mu ne da yara, mu ne da rijiyar da ta ƙara zurfi, mu ne da itacen da sai an yi tafiya mai nisa. Waɗanda suka ga yunwar 2005 ba su manta tafasa da jiga ba. A 2024 kuma ruwa ne ya yi yawa, gidajen laka suka zube a Maradi, tsohon masallacin Zinder ma ya faɗi. Wa ya kwana da yara a azuzuwan lakwal yana neman abin ɗora tukunya?

Sai zancen gona. Gandu na maigida ne, mu gamana ake ba mu, aro. Da gado ya rarraba gonaki suka ƙanƙance, gamanar mace ake fara karɓewa. A kudancin Maradi har suna aka ba abin, kullen gona. To wadda ba ta san ko baɗi gonar tana hannunta ba, za ta zuba taki? Za ta gina tassa, ta raini gawo shekara biyar? Ƙasa ta gaji, mu ma mu gaji.

Wannan tsari da ya bar gona da rumbu da shawara a hannun maza kaɗai, shi masu boko ke kira mulkin maza. Neman gyaransa kuma suke kira feminizim. Kalmar tana tsorata wasu, suna jin faɗa da miji ne. Mu ba faɗa muka zo yi ba, mazanmu ma rana ɗaya ke dukanmu da su. Abin da muke nema addini ya riga ya ba mu: ɗiya mace tana da rabin kason namiji a gado, gona ma tana ciki, matar mamaci kuma tana da tumunin takaba in akwai ƴaƴa. Dokar karkara ta 1993 ma ba ta ware mace ba wajen samun ƙasa. Kunya ce ke sa mu bar wa ƴan uwa maza, kunyar kuwa ba ta cika tukunya.

Tun 1991 da Mata Masu Dubara suka fara a jihar Maradi mun ga abin da dala dala ke yi. Don haka ga aikin wannan wata. Kowace ƙungiya ta sayi hatsi da kaka tun tiya na araha, ta ajiye a rumbun da makullinsa ke hannunmu. Ta je wurin mai gari neman fili, aro ko saye, a rubuta takarda gaban kwamitin ƙasa, kar a tsaya kan magana ta baki. Wadda aka yi wa rasuwa, mu raka ta wurin malam a lissafa mata kasonta. In ana zaɓen kwamitin rijiya ko na bankin cimaka, mu tsayar da tamu.

Ku aiko mana da yadda kuka yi da mai garinku. Allah ya ba mu damana mai albarka.