Matasan Dutse Uku, kafin ku tashi jirgi marar matuƙi ku nemi takarda

Yanzu da wuya a yi biki ko walima a Jos ba a ga ƙaramin jirgi marar matuƙi yana shawagi yana ɗaukar hoto ba. Sana'a ce mai kyau, kuma matasanmu sun fara cin abinci da ita. Sai dai da yawa sun ɗauka da zarar ka sayi na'urar, shi ke nan ka zama gwani.

Tun shekarar 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NCAA, ta hana tashin irin waɗannan jirage ba tare da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba. Mai son yin kasuwanci da su sai ya yi wa kamfaninsa rajista a CAC, jami'an tsaro su tantance shi, sannan ya nemi shaidar gudanar da aiki daga NCAA. Shi ma wanda zai riƙe linzamin jirgin sai ya samu horo.

Wasu za su ce wahalar ta yi yawa, kuɗin ma ba na talaka ba ne. Gaskiya ne, kuma ya kamata hukuma ta sassauta wa ƙananan masu sana'a. Amma mu tuna inda muke zaune. Dutse Uku unguwa ce da ta ɗanɗana rikicin Janairun 2010, ta san yadda ƙaramar magana ke zama gobara. Jirgin da ba a san mai shi ba, yana yawo a saman gidajen maƙwabta ko kusa da shingen sojoji, ya isa ya haifar da jita-jita. Ga kuma haƙƙin iyali: tsakar gida wurin sirri ne, ba wanda zai so kyamara ta leƙo matansa daga sama.

Takarda kuma ita ce ke buɗe ƙofar babban aiki. Kamfanin gine-gine, masu auna filaye ko manyan manoman dankali a Bokkos da Mangu za su fi sakin jiki da mai shaida a hannu. A Kaduna, tun 2022 kamfanin Zipline ya fara kai magunguna asibitoci da irin wannan jirgi. Ashe abin ya wuce hoton ango da amarya.

Shawarata ita ce masu wannan sana'a su haɗu su kafa kamfani ɗaya, su yi karo-karo wajen biyan kuɗin rajista, su tura mutum biyu ko uku horo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu hali a unguwa su tallafa, dattawa kuma su riƙa tambayar duk wanda ya zo ɗaukar hoto a taro: ina takardarka?

Allah ya sa wa neman kowa albarka, ya zaunar da Filato lafiya.