Sharhi: Muryar salula ta maye gurbin ɗan jagora a duwatsun Kanada, shin za ta iya a Abzin?

A yammacin ƙasar Kanada, cikin lardin Alberta, akwai wata hanyar mota da ake kira Icefields Parkway. Tsawonta kusan kilomita 230 ne, daga tafkin Louise zuwa garin Jasper, kuma tana ratsa tsakiyar duwatsun Rocky, inda ƙanƙara ke daskare a kan tsaunuka rani da damina. Ƴan yawon buɗe ido na zuwa daga ko'ina cikin duniya don bin wannan hanya kawai. Abin da ya canja a shekarun nan shi ne, da yawa daga cikinsu ba sa neman ɗan jagora kuma ba sa shiga motar kamfani. Mutum ya yi hayar mota, ya sayi manhaja a salularsa, ya kama hanya shi da iyalinsa.

Yadda abin ke aiki ba wuya. Tun kana otel, inda akwai intanet, za ka sauke sautin gaba ɗaya cikin salula, ka haɗa ta da rediyon mota. Daga nan ba ka buƙatar rezo, domin GPS da tauraron ɗan Adam yake magana, ba da turken kamfanin waya ba, kuma dama yawancin wannan hanya ba ta da rezo. Da motarka ta iso wurin da aka sa wa alama, sai murya ta tashi da kanta: dutsen da ke damanka ga sunansa, nan gaba kaɗan akwai wurin tsayawa, ƙanƙarar Athabasca da kake hange tana ja da baya shekara bayan shekara saboda ɗumamar yanayi. Ka tsaya, ta yi shiru. Ka tashi, ta ci gaba. Kamfanin GuideAlong, wanda a da ake kira GyPSy Guide, a wannan yanki ya soma, yau kuwa yana da sautin hanyoyi masu yawa a Kanada da Amurka. Akwai irinsa kamar Shaka Guide da ya taso daga tsibiran Hawai, da VoiceMap da ke ba kowa damar naɗar nasa bayani ya sayar. Kuɗin hanya guda galibi tsakanin dala 10 ne zuwa 20 (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba), kwatankwacin jika shida zuwa sha biyu, kuma mota ake biya wa, ba kan mutum ba.

Ba sai an faɗa ba, duk wanda ya san jihar Agadas ya ji wannan labari, tunaninsa zai tafi Abzin. Mu ma muna da duwatsu. Bagzan na da ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar, mita 2022. Akwai Timiya da lambunan lemu da rumman da magangarar ruwanta, akwai kufan Asode, akwai Iferwan, akwai raƙuman dawa na Dabus da aka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, babban ya haura mita biyar. UNESCO ta sa gandun Abzin da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7 da dubu 700, cikin kayan gadon duniya tun 1991, tsohon birnin Agadas kuma ya shiga a 2013. To me zai hana wani matashi mai kwamfuta a Yamai ya ƙirƙiro mana irin wannan manhaja, baƙo ya zo ya yi yawonsa da arha?

Abin da zai hana shi ne, muryar nan ba ita kaɗai ke tafiyar da baƙon Kanada ba. A ƙarƙashinta akwai gwamnati. Hanyar Icefields kwalta ce daga farko har ƙarshe, guda ɗaya tilo, ba mararrabar da za ta ɓatar da mutum. Hukumar gandun daji ta ƙasar, Parks Canada, ita ke kula da ita: ta kafa alluna, ta gina wuraren tsayawa da makewayi, ta zuba ma'aikata, ta rufe hanya idan ƙanƙara ta yi barazanar zubowa. Gidan mai ɗaya ne a tsakiyar hanyar, a Saskatchewan River Crossing, amma kowa ya san da haka tun kafin ya tashi. Baƙo kuma na biyan kuɗin shiga gandun, dabam da kuɗin manhaja. Wato duk aikin da ya shafi rai da lafiya, wani ya riga ya ɗauke. Abin da ya rage wa ɗan jagora a can shi ne ba da labari, labari kuwa ana iya naɗarsa sau ɗaya a sayar sau dubu.

Ko a can ɗin ma an ga iyakar abin. A watan Yulin 2024 wutar daji ta afka wa Jasper, aka kwashe mutane kimanin 25,000 cikin dare, kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen garin suka ƙone, aka rufe hanyar na makonni. Sautin da aka naɗa bara bai san wuta ta tashi bana ba. Hukuma ce ta ce wa mutane su fita, ta nuna musu ta inda za su bi. Wata biyu bayan haka guguwar Helene ta yi kaca-kaca da Blue Ridge Parkway a Amurka, wata hanyar duwatsu mai kilomita 755 da ita ma ake sayar da irin wannan sauti a kanta, wasu sassanta suka daɗe a rufe.

Yanzu a dawo gida a duba abin da ɗan jagora ke yi tsakanin Agadas da Timiya, tafiyar da ta haura kilomita 200 ba kwalta. Ba da labari shi ne ƙarami cikin ayyukansa. Shi ya san wane kori ne ake ratsawa da kat-kat, wane ne yashinsa ke haɗiye taya. Shi ke duban hadari a kan dutse mai nisa ya ce a fita daga cikin kwarin nan yanzu, ko da inda ake tsaye ba a ga ɗigon ruwa ba; mutanen Agadas ba su manta da abin da korin Telwa ya yi musu a watan Satumban 2009 ba. Shi ya san rijiyar da ke da ruwa bana da wadda ta ƙafe. Shi ya san wuraren da aka binne nakiyoyi lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, waɗanda har yanzu masu hankali ke kauce wa. Sama da duka, shi ne fuskar da aka sani. Idan mota ta ɓullo wa zango, abin da ake fara tambaya shi ne wa ke cikinta, ɗan wane ne. Salula ba ta da dangi. Ba ta sauka ta gaida dattijo, ba ta zama a sha shayi har zagaye na uku, ba ta iya cewa waɗannan baƙina ne, a amanata suke.

Sannan akwai tambayar da ta fi wannan zafi: ina baƙon yake? Wanda ya ga Agadas a farkon shekarun 2000 ya san lokacin da jiragen Point-Afrique ke sauke Turawa kai tsaye daga Faransa a filin jirgin Mano Dayak, wanda shi kansa da kamfanin yawon buɗe ido ya yi suna kafin siyasa da tawaye, kafin rasuwarsa a haɗarin jirgi a 1995. Daga sanyi zuwa farkon bazara, direbobi, masu dafa abinci, masu raƙuma, maƙeran azurfa da dukawa duk suna samu. Tawayen MNJ na 2007 ya katse wannan. A 2008 aka soke tseren Dakar, daga baya ya koma Kudancin Amurka. A watan Satumban 2010 aka sace mutane bakwai masu alaƙa da kamfanonin Faransa a Arlit, ƙasashen Turai suka shafa wa arewacin Nijar jan fenti a taswirarsu. Masu kat-kat da suka san hamada kamar tafin hannunsu suka koma jigilar bakin haure zuwa Libiya, har dokar 2015 ta mayar da sana'ar laifi, aka kama mutane aka tsare motoci. Sai a watan Nuwamban 2023 mahukuntan soja suka soke ta. Wasu sun tafi haƙar zinariya a Jado da Cibarakaten tun 2014. A 2025 kuma, cikin watan Janairu da na Afrilu, an sace wasu mata biyu Turawa mazauna garin Agadas. A irin wannan hali, baƙon waje ba ya yawo a arewa sai da rakiyar jami'an tsaro. Manhajar da tallarta ita ce ka yi tafiya kai kaɗai ba ta da kasuwa a nan, in ma ta samu, abin da za ta ƙwace shi ne ɗan ragowar abincin da ya rage wa ƴan jagora.

Duk da haka bai kamata a yi watsi da abin gaba ɗaya ba, domin akwai darasi guda a cikinsa da ya shafe mu ƙwarai: labarin ƙasa haja ne, kuma wanda ya riga naɗa shi ne mai shi. Ƴan jagorar da suka yi aiki a shekarun 1980 da 1990 sun tsufa. Abin da ke kansu, sunan kowane dutse da dalilin sunan, inda Kawsan ya bi a yaƙin 1916 zuwa 1917, hanyar da ayarin gishiri ke bi daga Abzin zuwa Fashi da Bilma, ba a rubuce yake ba in ban da ɗan abin da Turawa suka rubuta da harsunansu. Yaran da ya kamata su gaje su sun yi shekara kusan ashirin ba su ga aikin yana tafiya ba. Duk tsohon da ya rasu, da taswirarsa ake rufe shi.

Akwai kuma masu sauraro da ba a cika lissafa su ba, wato mu. Kullum manyan motocin sufuri na tashi daga Tawa ta Abalak zuwa Agadas, wasu daga Damagaram ta Tanut da Adarbisnat, cike da ƴan kasuwa, ɗalibai, ma'aikata da masu neman zinariya. Awoyi ne masu yawa a zaune, hanyar Tawa kuwa duk wanda ya bi ta ya san yadda ta lalace. Me ake ji a ciki? Wa'azi, waƙa, fim. Mutum zai wuce ta kusa da Ingal bai san cewa a ƙasar nan aka haƙo ƙasusuwan manyan dabbobin nan na zamanin da, dinozor, irin waɗanda ɗansa ke zuwa kallo a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ba. Zai haye gangaren Tigidit yana barci. Bagobirin Tibiri ya tashi yana jin kakanni na cewa daga Abzin suka gangaro, amma bai taɓa jin bayanin wurin ba. Matar da ke sayen kantun gishiri a kasuwar Tasawa, ko albasar Tabelot, ba ta san kwana nawa raƙumi ke yi a Tenere ba. Ga mutanen da suka saba da saƙon murya a WhatsApp fiye da rubutu, sautin minti biyar-biyar da aka jera bisa zangon hanya, da Hausa da Tamajak, ba baƙon abu ba ne. Ba ya buƙatar GPS ma. Direba ko yaron mota ya isa ya kunna. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ana ta tambayar me hakan zai canja a zahiri. Ga ƙaramin wuri guda da za a iya gani, kuma gidajen rediyon karkara na jihar Agadas suna da makirufo da mutanen da suka iya hira da tsofaffi.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Na farko shi ne alamar wuri. Manhajar Kanada na kai baƙo daidai bakin abin da zai kalla, domin a can akwai mai gadi da tara. A nan, duk wanda ya saka lambobin GPS na zanen duwatsu da tsofaffin makabartu a intanet ya ba ɓarawo adireshi. Tun zamanin da baƙi ke zuwa ake sayar da kan kibiya na dutse da duwatsun niƙa na mutanen da a Agadas, an kuma rubuta sunaye a kan zanen da ya girmi kowace sarauta. Raƙuman Dabus sun tsira ne saboda an haƙa rijiya kusa, an zaunar da masu gadi daga mutanen yankin. Ba banza ba gandun Abzin da Tenere ke cikin jerin UNESCO na wuraren da ke cikin haɗari tun 1992, har yau bai fita ba. A naɗi labarin wuri, amma hanyar zuwa ta zauna a hannun ɗan jagora.

Na biyu shi ne haƙƙi. A tsarin kamfanonin waje, sautin da aka naɗa sau ɗaya yana kawo kuɗi shekara da shekaru, kuma kuɗin na tafiya ga wanda ke riƙe da haƙƙin mallakarsa. Idan wata ƙungiya ko wani kamfani ya zo da na'ura ya zauna da tsohon jagora a Iferwan, ya ba shi jika goma da buhun shinkafa ya tafi da ilimin shekara arba'in, an yi ciniki irin wanda mutanen arewa suka gaji da gani a kan yuraniyom. Nijar na da ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, kuma ƴan jagora da masu kamfanonin yawon buɗe ido na Agadas suna da ƙungiyoyinsu. Kafin a kunna na'ura ya kamata a rubuta a takarda sunan wanda muryarsa ce, kason da zai riƙa samu, da wanda zai gaje shi.

Lokacin da ake taruwa a Ingal don bikin Cure Salée, ko a Iferwan don bikin Abzin, ko Biyanu a Agadas, jami'ai kan yi jawabi a kan farfaɗo da yawon buɗe ido, kuma galibi idonsu na kan jirgin da zai zo daga waje. Jirgin nan ba ya hannun ma'aikatar yawon buɗe ido. Yana hannun masu tsaro da ofisoshin jakadanci. Abin da ke hannunta shi ne kuɗin naɗar tsofaffin ƴan jagora tun suna da rai, da yarjejeniya da kamfanonin sufuri su kunna sautin a motocinsu. Gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit kuwa, wadda aka shimfiɗa tun wajejen 1980 don jigilar yuraniyom, na wata ma'aikatar ne, kuma ɗan Maraɗi da ya ji labarin Timiya har ya yi sha'awar kai iyalinsa su ga lambunan lemu, ita zai fara tambaya kafin ya zuba wa motarsa mai.