Ahmed Musa: Matakala Uku Kafin Turai

Wannan makon gaisuwa ta musamman ce ga ɗaliban sakandare na ƙaramar hukumar Shanono da maƙwabtansu na Bagwai da Gwarzo da Tsanyawa. A wannan yankin, da zarar an girbe gero da dawa, gonaki kan koma filayen ƙwallo, a kafa sanda biyu a ce ga raga. A kowane irin wannan fili akwai yaro ɗaya da ya fi kowa gudu, wanda abokansa ke cewa "wannan sai Turai". Da shi da abokan nasa za mu yi magana yau.

Kowa ya san Ahmed Musa da ƙwallaye biyu da ya zura wa Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014, da wasu biyun da ya zura wa Iceland a ta 2018. Amma kaɗan ne daga cikinku za su iya faɗin inda yake wasa lokacin da yake da shekarunku. To, bari mu koma can.

An haife shi a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992. Matakalarsa ta farko ita ce makarantar koyon ƙwallo ta GBS da ke Jos. A irin wannan wuri ake koya wa yaro abin da filin unguwa ba ya koyarwa: yadda ake karɓar ƙwallo ana cikin gudu, lokacin da ake ba abokin wasa, da yadda ake kauce wa satar gida. Gudu baiwa ce daga Allah, amma sanin lokacin da za a yi gudun, wannan koyonsa ake yi.

Matakala ta biyu ita ce ƙungiyar JUTH, wato ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, inda aka ba da shi aro a 2008. Ƙaramar ƙungiya ce, ba ta da tarin magoya baya, ba ta da kuɗi masu yawa. A can ya buga wasa 18, ya ci ƙwallo 4. Wani zai ce ai ƙwallo huɗu ba komai ba ne. Sai dai ku tuna cewa yaro ne mai shekara goma sha shida yana gogayya da 'yan baya manya, masu iyali, waɗanda ba su san wasa ba idan an zo batun abincinsu. A nan ya koyi shan duka ya tashi ya ci gaba.

Matakala ta uku ita ce tamu ta gida, Kano Pillars, Sai Masu Gida. Ya zo Kano a 2009, lokacin da ƙungiyar ke tashe, domin ta ci gasar Najeriya a 2008, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009. Duk wanda ya taɓa shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar wasan Pillars ya san cewa 'yan kallon Kano ba sa ɓoye abin da ke ransu: in ka yi da kyau su ɗaga ka, in ka ɓarar su gaya maka. A gaban waɗannan mutane Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa ta 2009/2010. Kafin nan, ƙwallo 17 ne mafi yawa da wani ya taɓa ci a kaka guda, tarihin da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Yaro mai shekara goma sha bakwai ya goge tarihin da ya shekara ashirin a tsaye, Pillars kuma ta gama a matsayi na biyu.

Sai a lokacin Turai ta zo nemansa. Ku lura da wannan magana da kyau: Turai ce ta zo, ba shi ya tafi yawon nemanta ba. Kuma wadda ta zo ɗin ba Barcelona ba ce, ba Manchester United ba ce. Wata 'yar ƙungiya ce ta ƙasar Holan mai suna VVV-Venlo, wadda ke fafutukar kada ta faɗo daga babbar gasar ƙasar. An kammala ciniki, amma duk da haka sai da ya jira. Dalili kuwa shi ne dokar hukumar FIFA ta hana a ɗauki ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan yanayi kaɗan, kamar idan iyayensa ne suka yi ƙaura don wani dalilin da ba na ƙwallo ba. Ya cika 18 a tsakiyar Oktoban 2010, ya buga wasansa na farko a ƙarshen watan, a karawa da Groningen.

Daga nan hanya ta buɗe. A Janairun 2012 ya koma CSKA Moscow ta Rasha, inda ya ci gasar ƙasar sau uku. A 2016 Leicester City ta Ingila ta saye shi kan kuɗi fiye da fam miliyan 16. Bayan ya buga a Saudiyya, ya dawo ya sake sa rigar Pillars a 2021.

Me ya sa na tsaya a kan batun jiran nan? Domin akwai masu bin garuruwa suna kiran kansu dillalan 'yan wasa. Za su kalli yaro mai shekara goma sha biyar, su yaba masa, sannan su ce wa mahaifinsa ya kawo kuɗin biza da na jirgi, akwai gwaji a Turai. A ƙauye kuma irin wannan kuɗi ba ya fitowa sai an sayar da sa, ko an jinginar da gona. Idan ɗan wasan da ya fi kowa cin ƙwallo a duk Najeriya sai da ya jira ya cika 18, to wace ƙofa ce wannan dillalin zai bi da kai? Ƙungiyar da take sonka da gaske ita ke biyan kuɗi, ba iyayenka ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa.

Akwai kuma masu ba da shawarar a rage shekaru a takarda. Ku guje su. Tun 2009 FIFA ke amfani da na'urar MRI tana duba ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, kuma an sha sallamar yara daga sansani saboda wannan gwaji.

To, mene ne matakalar ɗan Shanono? Ka fara da ƙungiyar makarantarku. Ka buga gasar makarantu da ta ƙaramar hukuma, inda masu horarwa na gaskiya kan zo kallo. Idan wata makarantar ƙwallo ta neme ka, ka sa mahaifinka ko malamin wasanninku ya tambayi hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ko tana da rajista. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, kuma nan ne darasin Turanci da na lissafi za su yi maka rana, domin kwantiragi da su ake rubuta shi. Ka riƙe jarrabawarka ta WAEC da NECO da hannu biyu, saboda rauni ɗaya a gwiwa kan iya rufe littafin ƙwallo a yini guda.

Kuma ba dole sai an ƙetare teku ake yin suna ba. Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele, ya shafe fiye da shekara goma yana buga wa Pillars, ga shi babu lungun Kano da ba a san shi ba. Da rarrafe yaro kan tashi.

Tambayarmu ta wannan mako: wane ɗan wasa ne ya goge tarihin ƙwallo 18 na Ahmed Musa, kuma wace ƙungiya yake buga wa a lokacin? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.