Filin Neman Na Kai: Nawa Ake Kashewa Kafin A Buɗe Shagon Sigarin Lantarki?

 A wannan makon za mu amsa wasiƙar wani ɗalibi ɗan aji biyar da ke zaune a wajajen Fanshekara. Ya ce yayansa ya tara 'yan kuɗi daga aikin da yake yi a wata masana'anta a Challawa, yana so ya buɗe shagon sayar da sigarin lantarki, wato abin nan mai kama da biro ko filas da ake zuƙa yana fitar da tururi mai ƙamshin mangwaro ko na'a-na'a. Yayan ya ce masa shi zai riƙa zaman shagon idan an taso daga makaranta. Tambayarsa guda ce: nawa ake buƙata?

Ba faɗa za mu yi maka ba, ɗanmu. Tambayar kasuwanci ka yi, da lissafi za mu amsa. Kowa ya ɗauko takarda ya raba ta gida huɗu, domin da waɗannan gidaje huɗun ake auna kowace irin sana'a kafin a zuba mata ko sisi.

Gida na farko: kuɗin kafawa

Wannan shi ne kuɗin da ke fita tun kafin ka sayar da komai. A Kano mai shago yakan nemi hayar shekara guda gaba ɗaya, ga la'adar dillali. Sai kanta da akwatin gilashi na baje kaya, fenti, ƙofa mai ƙarfi da kwado, da allon suna. Sai rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, da harajin ƙaramar hukuma da na jiha.

Akwai kuma wuta. Sigarin lantarki batir ne a cikinsa irin na waya, da wani ruwa da batirin ke ɗumamawa. Dukansu ba sa son zafi, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin Kano kan wuce maki 40. Ke nan dole a sami fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, da janareta ko sola. Matsalar wutar da ta taimaka wajen durƙusar da masana'antu da dama a Sharaɗa da Challawa da Bompai ba za ta ƙyale ƙaramin shago ba.

Abin lura a wannan gida: yawancin kuɗin ba ya dawowa. Idan aka rufe shago bayan wata uku, fenti ya tafi, la'ada ta tafi, ragowar haya kuma sai yadda hali ya yi.

Gida na biyu: jarin kaya

A masana'antun Kano ana jeme fata, ana yin robobi da tabarmi da lemon kwalba. Sigarin lantarki kuwa kayan waje ne. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ne ya ƙirƙiro irin na zamani a 2003, kuma har yau mafi yawansa a birnin Shenzhen na ƙasar Sin ake ƙera shi. Duk kayan da aka shigo da shi daga waje kuwa, dala ce ke yanka masa farashi.

Ga misali. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan kayan dala 1,000 da suka tashi a kan naira 460,000 sun koma sama da naira miliyan ɗaya da rabi cikin ƙasa da shekara guda. Wanda ya sayar da kayansa a tsohon farashi yana murnar ya ci riba, da ya koma saro sabo sai ya tarar kuɗinsa ba za su cika kanta ba. Ku riƙe wannan darasi: riba ba ta tabbata sai ka iya mayar da kayan da ka sayar.

Ƙari a kan haka, ruwan yana da wa'adin lalacewa, batir yana mutuwa a ajiye, kuma masu saye kullum sabon yayi suke bi. Abin da ya kwanta ya zama asara.

Gida na uku: doka

Wannan gidan ne masu ɗokin buɗe shago suka fi mantawa da shi. Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, ta kuma hana a sa shi ya sayar. Don haka, ɗanmu, zaman shagon da aka yi maka tayi shi ne irin abin da aka yi wannan doka don a hana.

Dubi kuma abin da ya sami shisha, wadda ita ce 'yar'uwar sigarin lantarki ta kusa. A watan Yunin 2018 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya nemi jami'an tsaro su aiwatar da haramcin taba mai ƙamshi, har da shisha. A 2021 kuma gwamnatin Jihar Kano ta hana wuraren shan shisha. Duk wanda ya riga ya biya haya ya sayi tukwane, lissafinsa ya rushe a rana ɗaya.

A waje ma haka iskar ke kaɗawa. Indiya ta haramta sigarin lantarki gaba ɗaya a 2019. Birtaniya ta hana sayar da irin wanda ake zuƙa a yar daga ranar 1 ga Yunin 2025. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a watan Disambar 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan kamfanin taba na British American Tobacco da rassansa. Babban kamfani zai iya biya ya ci gaba da harkarsa. Mai shago ɗaya kuwa, kwashe kaya sau ɗaya ya isa ya mayar da shi gidan jiya.

Gida na huɗu: wa zai saya?

Ku je bakin ƙofar wata masana'anta a Challawa lokacin da ma'aikata ke sauya aiki, ku ga abin da suke saye: shayi da burodi, shinkafa da wake, ruwan leda, katin waya, kuɗin adaidaita. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne bisa dokar 2024. Magidancin da ke ciyar da iyali da irin wannan kuɗi ba shi ne zai riƙe shagon sigarin lantarki ba.

To wa zai riƙe shi? Amsar tana jikin kayan. Kala mai ɗaukar ido, ƙamshin alewa da 'ya'yan itace, ga shi ƙarami yana ɓuya a aljihun wandon makaranta. Ku ake nema. A 2022 kamfanin Juul ya amince zai biya sama da dala miliyan 430 ga jihohi fiye da 30 a Amurka, bayan binciken yadda ya riƙa tallata kayansa ga matasa.

Mafi yawan wannan ruwa yana ɗauke da nikotin, sinadarin da ke cikin taba mai sa mutum ya kasa dainawa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ci gaba da ginuwa har zuwa wajen shekara 25, kuma likitoci sun yi gargaɗi cewa nikotin yana taɓa ɓangarorin da ke kula da natsuwa da koyo. Ribar irin wannan shago ba a cinikin farko take ba, tana wajen wanda ya kamu yake dawowa duk mako. Idan shagon ya yi kasuwa, abokanka na aji da ƙannenka na unguwa ne suka biya. Wannan ma kuɗi ne, sai dai ba ya shiga littafin mai shago.

Amsarmu

Ɗanmu, ka kai wa yayanka wannan shafi cikin ladabi, ku zauna ku cike gidajen nan tare. A namu lissafin, gida na farko yana da nauyi, na biyu yana hannun dala, na uku yana iya rushe komai dare ɗaya, na huɗu kuwa ba abin da mutum zai so a san shi da shi a unguwarsu ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amma kada kuɗin su kwanta. Ku auna wasu sana'o'in da ma'auni ɗaya. Teburin shayi ko rumfar abinci a bakin masana'anta kayansu a kasuwannin Kano ake saro su, mai saye kuma yana zuwa kullum. Rumfar cajin waya da POS tana buƙatar sola da jarin juyawa, amma ba mai zuwa ya kwashe ta don haramci. Tara tsofaffin robobi a kai wa masu narkawa jarinsa kaɗan ne. Ɗinkin takalma da jakunkuna kuwa, ga fata nan ana jemewa a Challawa, abin da ya rage shi ne koyon aikin wajen gwani. Kowace a cikinsu tana da nata haɗarin, amma babu wadda za ta sa ka ɓoye fuska idan mahaifin mai saye ya wuce.

Aikin gida na wannan mako: kowa ya zaɓi sana'a ɗaya a unguwarsu, ya je ya gaida mai ita, ya tambaye shi abin da ya kashe kafin ya yi cinikin farko da abin da bai yi tsammani ba ya same shi. Ku cike gidaje huɗun ku aiko mana ta hannun malaminku, tare da sunan makaranta da aji. Za mu buga guda uku da suka fi tsari.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A yi karatu da kyau.