Ruɓewar haƙori da lissafin masu inshora

Duk wanda ya taɓa kwana zaune saboda haƙorin da ruɓa ta cinye har ta kai ga ɓargonsa, inda jijiyoyi suke, ba ya bukatar dogon bayani. A wannan mataki cike rami ba ya wadatarwa. Ko dai likita ya kwashe ɓargon ya cike saiwar domin haƙorin ya tsira, ko kuwa ya cire shi.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda ake rubuta wannan ciwo a takardar neman biya. A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato ICD-10, lambarsa K02.5. Amurkawa, da suka koma amfani da nasu samfurin kundin a watan Oktoban 2015, sun ƙara rarrabewa: K02.53 idan ruɓar ta faro daga ramukan da ke wurin tauna, K02.63 idan daga gefe mai santsi ne. Wani zai ce iyayin ma'aikatan ofis ne kawai. Mu ba mu ga haka ba, domin lambar ita ce hujjar likita a gaban kamfanin inshora cewa aiki mai tsada ya wajaba.

A nan Nijeriya, dokar 2022 ta wajabta wa kowa shiga inshorar lafiya. To, idan abin da ke kan kati "ciwon haƙori" ne kurum, me zai hana mai biya ya karkata ga mafi arha, wato cirewa? Don haka muke kira ga hukumar NHIA da ta tabbatar asibitocin haƙori suna rubuta zurfin ruɓar da lambarta, a kuma nuna wa majiyyaci takardar kafin a kai ta neman kuɗi.