Direba, Me Ka Ɗauko A Bayan Motarka?



Ya 'yan uwana matasa, duk mai yawo a intanet zai ci karo da shafukan da ke ba matafiya shawara kan manyan jiragen ruwa na shaƙatawa, waɗanda ke ɗaukar dubban mutane su yi mako guda suna zagaya Bahar Rum ko tsibiran Karibiyan. Tambayoyi biyu ne ba sa ƙarewa a can. Ta farko: giya nawa za a bar ni in shiga jirgi da ita? Ta biyu: idan jirgi ya tsaya a wani gari, in bi motar kamfani ko in ɗauki shatar direba na kaina? Sai a amsa cewa kamfani irin Carnival yana barin kowane baligi ya shiga da kwalbar giyar inabi guda mai cin mililita 750, kuma idan ya buɗe ta a ɗakin cin abinci sai ya biya kuɗin buɗewa. Wasu marasa kunya har koyarwa suke yi yadda za a ɗura barasa a robar sabulun wanka don a ɓoye wa masu bincike. Game da direba kuwa, sukan ce shata ta fi araha, amma wanda ya makara, jirgi zai tashi ya bar shi a bakin ruwa.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Gusau da teku? Ni kuwa ina cewa waɗannan tambayoyi biyu, na kwalba da na direba, a wurinmu sun haɗu sun zama tambaya ɗaya, kuma a kan titi ake amsa ta kullum.

A ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. An haramta sayar da giya da shanta a jihar Zamfara. To amma kwalba ba ta da ƙafa. Duk wadda aka tsinta a Gusau, ko dai ta biyo hanyar Funtuwa ta ratsa Tsafe, ko ta zo ta wajen Sakkwato ta ratsa Bunguɗu, ko ta wata hanyar daban, kuma ko ta ina ta biyo, wani ne ya tuƙo motar. A Kano, a shekarar 2013, Hisba ta fasa kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a. Waɗannan kwalabe ba daga sama suka faɗo ba, motoci ne suka yi dakonsu.

Nan ne nake da ja da masu cewa: "Ni dai direba ne, ba na sha, kuɗin mota kawai nake nema." Wannan magana ba ta da ƙafar tsayawa. Allah Ya haramta giya a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida, kuma umarnin da ya zo na nisanta ne, wanda ya fi hanin sha faɗi. Hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, ya lissafa mutum 10 da aka la'anta a kan giya, kuma a cikinsu akwai mai ɗaukarta da wanda aka ɗauko masa ita, da mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Mai sha ɗaya ne tak daga cikin goman. Saboda haka direban da ya san abin da ke cikin kwalayen da aka lulluɓe da buhunan albasa, sunansa na cikin lissafin, ko da bai taɓa ɗanɗana ba. Haka nan matashin da ke yaɗa dabarar ɓoye kwalba a Facebook ko WhatsApp yana dariya, domin mai nuni zuwa ga ɓarna yana da kasonsa a cikinta.

Na san hujjar da za a kawo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, direba yana wuni a tasha bai cika mota ba, ga kuɗin mai mota, ga na 'yan kamasho, ga iyali a gida. Wannan gaskiya ne, kuma wanda bai taɓa zama a tasha ba kada ya raina wannan wahala. Amma lalurar da Shari'a ta yi wa rangwame ita ce wadda rai zai salwanta idan ba a yi ba, ba wadda riba za ta ragu ba. Mai kayan da ya ninka maka kuɗin shata, tsoronka ga Allah yake saye, kuma idan aka kama motar, kai ne a hannu, shi yana gida.

Fasinja ma bai tsira ba. Bature yana tantance direba don kada jirgi ya tafi ya bar shi. Mu da muke bin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, wadda 'yan bindiga suka sha tarewa, abin da muke sa wa a hannun direba shi ne rayukanmu. Duk da haka sai ka ga mutum ya ɗauki shatar mota don kai iyalinsa biki, abin da ya tambaya kawai shi ne farashi. Bai duba idon direban ba, bai tambayi 'yan tasha halinsa ba. Alhali maye ba a kwalbar giya kaɗai yake ba: a 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa suka mayar da shi abin sha, ga kuma taramol. Duk abin da ke gusar da hankali hukuncinsa ɗaya, kuma direban da ya haɗiyi ƙwaya don kada ya yi barci ya fi mai kwali a but haɗari ga waɗanda ya ɗauko.

Ya ɗan uwa, tafiya tana sauƙaƙa wa Musulmi salla, ya yi ƙasaru, tana ba shi damar ajiye azumi ya rama. Ba ta taɓa halatta masa haram ba, a Bunguɗu yake ko a tsakiyar teku. Wanda Allah Ya hore wa kuma yake son ganin teku, ya sani a Disambar 2024 jirgin AROYA na Saudiyya ya fara tashi daga Jidda ba tare da giya ko caca ba. Ashe ke nan shaƙatawa ba ta rataya ga kwalba ba.

Shawarata ta tafiya gajera ce. Direba ya tambayi abin da ke cikin kaya kafin a ɗaure, idan aka ƙi faɗa masa ya ƙi ɗauka. Fasinja ya binciki direba kafin ya yi ciniki, ya tashi da rana, ya yi addu'ar tafiya.

Allah Ya tsare hanyoyinmu, Ya azurta direbobinmu da halal, Ya sa mu dace.