Wasiƙa Zuwa Ga Marubutan Labaran Hausa, Daga Wani Mai Karatu

Ya ku ƙannena da 'ya'yana masu riƙe da alƙalami, har da waɗanda yanzu babban yatsa ne alƙalaminsu a kan waya.

Ni ba marubuci ba ne. Mai saye ne ni, mai karɓar haya, mai aron da wani lokaci sai an biyo shi gida kafin ya mayar. Tun zamanin da ake jera littattafai a rumfunan kasuwar Sabon Gari ta Kano nake bibiyar ku, har zuwa yau da ake turo mana shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad. Wanda ya sa kuɗinsa da idonsa a abu yana da bakin magana a kansa, don haka ku yi haƙuri da ni.

Abin da ya sa na ɗauki takarda guda ɗaya ne: da yawanku rubutunku ya fi karatunku yawa, kuma abin yana fitowa a shafi ko da ba ku faɗa ba. In na buɗe sabon labari, kafin na kai shafi na uku na san gwarzon. Likita ne ko babban soja, ɗan hamshaƙin attajiri, miskili, ba ya dariya, jiya ya sauka daga Dubai. Yarinyar marainiya ce, fara, doguwa, gashi har gadon baya, tana shan wuya a hannun kishiyar uwa. Daga nan sai lefe, akwati kaza, sai bayanin falo da labule da turaren wuta har mai karatu ya manta me ya kawo shi. Ba soyayyar nake ƙi ba, don ita ta raya kasuwar littafin Hausa lokacin da kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Abin da nake ƙi shi ne in karanta littafi goma in tarar mutum biyu ne kacal a cikinsu, sunaye kawai ake sauya musu.

Maganin wannan yana cikin littattafan da aka riga ku rubutawa, sai dai a karanta su da idon mai koyon sana'a, a manta da karatun jarrabawa.

Ku koma wa Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Na san kun karanta a makaranta, amma wannan karon ku lura da ginin. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, Musa ɗan Sarki yana son fita daga fada, aku kuwa ba shi da makami sai baki. Kowane dare sai ya riƙe yaron da labari har gari ya waye. Ku masu sakin labari kashi-kashi, wannan ai aikinku ne sak: yadda za a riƙe mutum yau, a kuma sa shi dawowa gobe. Bambancin shi ne kowane labarin akun cikakke ne, yana da kai yana da ƙafa, ba a katse shi a tsakiyar zance don a ja rai kurum. Sannan Abubakar Imam bai ɓoye cewa ya yi aro ba. A juzu'i ukun nan da suka fito tsakanin 1937 da 1939 akwai labaran da asalinsu na Larabawa ne, da na Indiya, da tatsuniyoyin Jamus. Amma da suka ratso ta hannunsa sai suka zama na fada da kasuwa da zauren alƙali, mutanen ciki suna rantsuwa da ba'a irin tamu. Ku ma kuna aro daga finafinan Indiya da na Turkiyya da Koriya, ba kuma laifi ba ne. Laifin shi ne a kawo baƙo a zaunar da shi a Kurna ko Tudun Wada da kayan jikinsa na can, yana yin abin da ba wanda ya taɓa ganin Bahaushe ya yi a gaban surukansa.

Wanda na fi so ku zauna da shi shi ne Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan da gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta 1933 ta haifar, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ɗan siriri ne, zama ɗaya ya isa a gama shi. Amma a cikinsa an sace yaro, an ratsa Sahara da ayarin bayi, an kai Masar, an dawo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne uwar Umar. Ta bar gida neman ɗanta, aka yaudare ta a hanya, ita ma aka sayar da ita, ta ƙare ƙuruciyarta a bauta a ƙasar da ba ta san kowa ba, kuma da Allah ya haɗa su ba ta daɗe ba ta rasu. Marubucin bai tsaya yi mana kuka ba. Bai cika shafi da hawaye masu zafi da bugun zuciya ba. Ya faɗi abin da ya faru a natse, ya bar mana nauyin mu ɗauka da kanmu. Da a hannun wasunku labarin nan ya faɗo, na tabbata sai ya kai littafi na ɗaya zuwa na huɗu, uwar ta suma sau bakwai, kuma da wuya a tuna da ita bayan sati.

Kada ku ɗauka duk abin da ya tsufa nake yabo. Ganɗoki ya faro da ƙarfinsa, ga yaƙi da Turawa ga kirari, amma da Bello Kagara ya kai gwarzonsa ƙasar aljanu sai labarin ya saki hannuna. Ruwan Bagaja kuwa, in aka cire rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, neman ruwan kansa ba shi ne ke riƙe mai karatu ba. Ku karanta su, ku ga inda suka yi rauni, wannan ma karatu ne.

Ga masu rubuta zaman aure, ku nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Ku dubi Rabi: 'ya'ya tara, miji mai rumfa a kasuwa yana ba da kuɗin cefanen da ba ya isa, yana kashe na kirki a waje, daga baya ya kawo Delu, ya kori uwar 'ya'yansa. Rabi ba ta haɗu da wani attajiri a bakin titi ya ɗauke ta a mota ba. Tukunya ta ɗora ta shiga sayar da abinci. Duk macen da ta taɓa ƙirga canjin cefane a tafin hannu ta san Rabi, shi ya sa littafin ya tsallaka har aka fassara shi zuwa Turanci, wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga shi a 2012. Haka Abu ta Wa Zai Auri Jahila?, wadda aka cire daga makaranta aka aura wa Sarkin Noma. Hajiya Balaraba ta rubuta abin da ta sani ne, ita ma an yi mata aure tana ƙarama. Kafin ita, Hafsat Abdulwaheed ta ba mu Boɗaɗo a So Aljannar Duniya, 'yar Fulani da rugarta da danginta, ba wadda za a musanya da wata ba.

Masu son labarin ta'addanci da cin amanar ƙasa, akwai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, dukansu sun fito a 1982. A wasu jigogin kuma akwai 'Yartsana na Ibrahim Sheme, akwai Mace Mutum na Rahma Abdulmajid. Ba na cewa ku kwaikwaye su. Ku dai san an taɓa bin hanyar kafin ku.

Sai maganar harshe. Ba na cikin masu cewa kada kalmar Turanci ta shiga littafin Hausa, ai haka muke magana a asibiti da jami'a. Amma in gwarzo ya yi rabin shafi yana zuba Turanci don a san ya yi boko, kun rufe ƙofa ga uwata da ke sauraro ana karanta mata, kun kuma rufe ga masu karatunku na Maraɗi da Damagaram, waɗanda bokonsu da Faransanci aka yi. Abin mamaki, ga arzikin da kuka bari a gida. A labaranku kowa bakin Kano gare shi, tsohuwa da jikarta, Basakkwace da Bazazzagi, mahauci da malamin zaure. Ku shiga motar haya ku yi shiru ku saurara. Ku zauna kusa da masu awo, ko gidan biki bayan an watse ana wanke tukwane, ku ji yadda ake gugar zana ba tare da an kama suna ba. Imam da Shu'aibu Maƙarfi a irin wuraren nan suka samo bakin mutanensu, shi ya sa har yau in ana karanta Jatau Na Kyallu a aji sai ka ji dariya ta tashi.

Ƙa'idojin rubutu kuma ba ado ba ne. Haruffa masu lanƙwasa suna nan a wayoyinku, raba kalma da haɗe ta abu ne da ake koya cikin 'yan kwanaki. Kafin ku saki shafi ku karanta shi da ƙarfi, ku ba wani wanda ba ya jin nauyinku ya duba. Masu sharhi na ƙarƙashin labari da ke cewa a ƙaro, a ƙaro, masoya ne, amma ba editoci ba ne. A shekarun 1990 an yi ta fafatawa a jaridu kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, an faɗi maganganu masu zafi, marubuta da yawa sun ji haushi. Waɗanda suka haɗiye haushin suka gyara, su ne muke ambata yau. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ma ta nuna abu guda: in aka ƙayyade wa marubuciya yawan kalmomi, sai ka ga ta zubar da labule da akwatunan lefe ta kama labarin.

Akwai wani ƙorafi da ba zan haɗiye ba. Na taɓa tura kuɗi aka sa ni a zauren masu biya, labari ya kai tsakiya, marubucin ya yi ɓatan dabo ya buɗe sabo. Wannan haƙƙi ne, kuma ba ni kaɗai aka yi wa ba. In ba ku san ƙarshen labari ba, kada ku karɓi kuɗin farkonsa.

Roƙona na ƙarshe, ku riƙa sa shekara da sunan gari a aikinku, ku kuma adana shi a wani wuri ban da waya. Littattafan Kano da yawa na shekarun baya sun fito babu shekarar bugu, yau ɗalibai na wahalar gano wanne ya riga wanne, wasu ma ko marubutansu ba su da kwafi. Na waya ya fi wannan saurin salwanta. Ku buga ko kwafi kaɗan ne, ku kai ɗaya ɗakin karatu na jami'ar da ke kusa da ku, ku ajiye ɗaya a gida.

Ku gaishe da mutanen gida. Wassalam.

Naku,
Mai karatu